Kunne Kafin Kile: Yadda Nake Gano Ciwon Tsohon Injin Jirgin Ruwa Daga Kukansa

Bara, bayan ruwa ya ɗauke, wani Alhaji ya tsayar da mota a ƙofar garejina a nan Maraɗi. An ɗaure jirgin ruwa a bayan motar, injin kuma yana kwance a kan tsohuwar katifa. Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 40, ɗan Kwatano, fentinsa ya koɗe, kawunan notinansa sun yi fari-fari da gishirin teku. Ya saye shi ne don a riƙa zagayawa da baƙin da ke zuwa ziyarar kaburburan waliyyai a tabkin Madarunfa. Mako biyu da fara aiki sai inji ya ɓullo da wata ƙara. Da an buɗe masa wuta, can sai a ji gwaf! kamar jirgi ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa. Wani ya riga ya gaya masa karanshaf ne ya tafi, wato babbar sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji, sai an buɗe inji gaba ɗaya, shi kuma ya zo ne kawai in yanke masa kuɗin aiki.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan kwance noti ko ɗaya ba sai na ji ƙarar nan da kunnena."

Aikina na kullum injinan ban ruwa ne na masu garka, na Jiratawa da na bakin Gulbi. Amma kafin in dawo gida na yi shekara bakwai a Gaya, bakin kogin Kwara, a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa, kuma abin da muke gyarawa daga safe zuwa magariba shi ne injin jirgi. A ƙasarmu jiragen inji ba su da yawa, masanansu ma haka. Shi ya sa in inji ya canza kuka akan kai shi wurin mai gyaran babur, shi kuma ya tuɓe shi tas, a sayi fistin da boris, a mayar, a sa a ruwa, ƙarar tana nan inda take. Wannan asara tana ƙona mini rai, domin sau da yawa ciwon ba ya ma kusa da inda aka buɗe. Maigidana kan ce mini, "Yaro, kunne kafin kile." Kile shi ne abin da 'yan'uwanmu na Katsina ke kira sifana. In ya ga na miƙa hannu ga akwatin kaya ban gama sauraro ba, da ƙafa yake rufe akwatin.

To, abin da nake fara yi tambaya ce, kuma direban jirgin nake tambaya, ba mai jirgi ba. Ƙarar nan, tana nan in inji yana aiki ba a sa giya ba, ko sai an sa giya? Da sanyin inji take zuwa ko sai ya ɗauki zafi? Da kaya ko jirgi wayam? In an ƙara wuta tana ƙara sauri tare da inji, ko tana zuwa ne jefi-jefi? Sai tambayar da ta fi duka amfani: mene ne abu na ƙarshe da ya faru kafin a fara jin ta? Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai an canza wurin sayen mai, ko an bi ta kan koma, ko ƙafar inji ta ci laka, ko wani ya sa hannu a karbureta. Direba yakan ɓoye wannan a gaban maigidansa, don haka nakan ja shi gefe, in ce, "Ƙanena, ba laifi nake nema ba, ciwo nake nema."

Amsar tambaya ta farko ita ke raba aikin gida biyu. Injin jirgi hawa biyu ne. Akwai kai, inda fistin da buji (wanda a Najeriya ake ce wa fulogi) da karbureta suke, akwai ƙafa, wadda ke nutsewa cikin ruwa, inda famfon ruwa da giya da farfela suke. Ƙarar da ake ji ko ba a sa giya ba, mafi yawa ta kai ce. Wadda ba ta fitowa sai an sa giya, ka fara zargin ƙafa da farfela. Akwai guda ɗaya da ke saɓa wa wannan, tana kai amma ba ta fitowa sai da kaya, zan zo kanta domin ita ce ta taɓa cuta ta.

Kada ka tayar da injin jirgi a tudu, ko na ƙiftawar ido. Famfon ruwansa wata 'yar fanka ce ta roba mai fukafukai, ruwan da take turawa shi ne man shafawarta, in ta juya a bushe ba ta kai minti ɗaya sai ta ƙone. Na ga mutane a kasuwa suna ja wa mai saye igiya a tudu don ya ji inji na tashi. Wanda ya sayi wannan inji ya sayi fanka ƙonanniya. Ni rabin duro nake cikawa da ruwa, in ɗaure inji a jikin katako mai ƙarfi, ruwan ya haura faffaɗan farantin da ke saman farfela da kamar tafin hannu. A cikin duro ba na sa giya da farfela a jiki, ba na kuma buɗe wuta sosai, domin inji mai bugu biyu, wato irin wanda ake gauraya wa baƙin mai a cikin fetur, in ba kaya a kansa yana iya zarcewa da gudu har ya illata kansa. Babbar riga da rawani da carbin wuya, a ajiye su can nesa. Faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji in ya kama tufa ba ya saki.

Da ya tashi, idona ba ya kan komai sai fitsarinsa, wato ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa daga ƙarƙashin hula, wato murfin kan inji. In babu shi, kuma kukan hayaƙi ya yi ƙarfi ya bushe kamar na babur da aka cire wa salansa, kashe nan take. Ruwan da ya sanyaya inji tare da hayaƙi yake fita, shi ke tausasa kukan, don haka busasshen kuka yana nufin ruwa ba ya hawa. Amma kafin ka kwance ƙafa, ka soka 'yar siririyar waya a ramin fitsarin. A nan Maraɗi inji kan yi watanni jingine a zaure, zanzaro kuwa ba abin da yake so kamar wannan rami, sai ya cika shi da laka ya yi ɗakinsa. Sau uku ana kawo mini inji a kan famfo ya mutu, waya ta gama aikin. In ka soka ruwa bai zo ba, duba ragar da ke shan ruwa a gefen ƙafa, leda ko ganyen bado kan manne mata. In nan ma lafiya, to fanka ce. Ruwan tabkinmu da na Gulbi akwai yashi da laka, suna cin robar nan fiye da ruwa garau, shi ya sa nake cewa a canza ta kowace shekara, kuma duk tsohon injin da aka saya a canza ta kafin ya taɓa ruwa. In ka ciro ta ka ga fiffike ɗaya ya ɓalle, sai ka nemo guntun, domin yana nan maƙale a hanyar ruwa, zai toshe wa sabuwar hanya. Injin da ya yi aiki a teku kuma gishiri kan daskare a hanyoyin ruwan kansa, har fitsari ya fito amma kai ya yi zafi. Ɗora tafin hannu a bayan kan silinda: in lafiya yake za ka iya ƙirga uku ko huɗu kafin ka janye. In ka ɗiga ruwa ya yi cuuu ya ƙafe, ko fentin wurin ya yi duhu ya kumbura, injin nan yana dahuwa.

Ƙararrakin banza ba sa buƙatar dogon bayani. Makullin hula da ya saki, notinan nan biyu masu hannu da ke damƙe inji a bayan jirgi, hannun tuƙi da ya yi lako-lako, haƙoran igiyar tayarwa da ke gogar faifai, kile da aka manta a cikin kwanon inji. Ka bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya, wanda ka danne ƙara ta ɗauke, shi ne. Abu guda da ake mantawa shi ne katakon bayan jirgin kansa. A tsohon jirgi yakan ruɓe daga ciki, ka ɗaure noti yau gobe ya saki, inji ya riƙa rawa yana dukan jirgi. Kama ƙafar inji ka jijjiga sama da ƙasa. In katakon yana lanƙwasa tare da ita, kafinta kake buƙata kafin bakanike, kuma kada a ɗauki mutum a jirgin sai an gyara.

Injin Alhaji a cikin duro ya tashi lafiya, fitsari ƙarfi, kuka sumul. Na ɗauki doguwar sukuddireba, na kafa bakinta a jikin inji, na manna kunne a ƙotarta, na bi sama, tsakiya, ƙasa. Boris mai lafiya shuuu yake yi kamar ana tankaɗe. Wanda ya lalace gurnani yake, kamar ana niƙa tsakuwa a dutsen niƙa. Ban ji komai ba. Na kashe, na kama faifan sama da hannu biyu na girgiza shi gefe da gefe, bai motsa ba. Na cire buji biyun, na juya faifai har fistin ya kai ƙololuwa ya fara sauka kaɗan, na tura shi da sandar katako ta ramin buji. In boris ɗin sandar fistin ya ci, za ka ji fistin ya ɗan faɗa ya yi ƙwas kafin faifai ya motsa. Nasa bai yi ba, duka biyun. Na sa ma'aunin matsi, silinda biyun suka ba da kusan abu ɗaya. Abin da ake dubawa ke nan, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Nan na gaya wa Alhaji karanshaf ɗinsa lafiya lau. Da shi ne, da mun ji bugu mai nauyi daga ciki, kaf-kaf-kaf, yana bin gudun inji, ko da giya ko babu. Wanda ya ji irin wannan ya kashe inji ya ɗauki filafili, domin in sandar fistin ta tsinke jikin inji take fasawa ta fito, daga nan kuma sai dai a sayar da shi a kilo.

Sai na sauka ƙafa. Kafin hannu ya taɓa farfela a cire hulunan buji, wannan ba a sassauta shi. Na kwance farfela, ga zaren roba na koma ya naɗe a bayanta, ya narke ya zama kamar zobe. Wannan zare shi ne babban abokin gabar ƙafar inji a duk ruwan da ake su. Yana naɗewa a sandar farfela, zafi ya narkar da shi, ya kutsa ya yanke robar da ke tare man giya. Mai ya fita, ruwa ya shiga, ba wanda ya sani, domin duk abin a ƙarƙashin ruwa yake faruwa.

Na tsayar da inji tsaye, na tara kwano, na kwance notin ƙasa, sannan na sama. Man giya mai lafiya ruwan zuma ne ko ya ɗan yi duhu. Na Alhaji ya fito kamar shayi da madara, da ɗigon ruwa zalla a gaba. Notin ƙasa yakan zo da maganaɗisu a bakinsa. In ka ga ɗan laushin ƙarfe kamar kwalli, wannan cin yau da gobe ne, ba komai. In ka murza tsakanin yatsu ka ji ɓarɓashi yana sukar ka, haƙori ko boris ya fara karyewa. Ƙafar da ta rasa mai takan fara da kuwwa siririya, wiiii, wadda ke hawa in jirgi ya ƙara gudu, ta sauka in ya rage. Direba ya ce ya ji wannan tun ran farko, ya ɗauka haka injin yake.

Amma gwaf ɗin nan ba kuwwa ba ce, sai da muka kai jirgi Madarunfa da sassafe na ji ta. Muka ɗauki mutum biyar don nauyi. A ƙaramar wuta shiru. Da aka kai rabi, sai inji ya ɗaga murya na ɗan lokaci kaɗan, sannan gwaf, jirgi ya zabura. A nan ne ake rikicewa, domin inji mai yanke wuta a silinda ɗaya shi ma yana fizgar jirgi. Bambancin yana cikin abin da ke zuwa kafin bugun. In wuta ce ke yankewa, murya faɗuwa take yi. In murya ta ɗaga sannan aka ji bugu, giya ce ta kuɓuce ta sake kamawa. A cikin ƙafa akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora gaba da baya, yana zamewa a kan sandar farfela, shi ke kama giyar gaba ko ta baya. In gefen haƙoransa ya lashe ya yi sulɓi, da kaya ya yi nauyi sai ya zame, ya sake cafkewa da ƙarfi. Abu biyu ke lashe shi. Na farko sandar da ke tura shi ba ta kai shi ƙarshe, don haka kafin a sayi komai a duba saitin sandar, wani lokaci iyakarta ke nan. Na biyu hannun direba. Mutanenmu suna ganin tausaya wa inji ne a sa giya a hankali, ana jin gar-gar-gar kafin ta shiga. Wannan gar-gar haƙora ne ke cin juna. A sauke wuta ƙasa gaba ɗaya, a tura giya da hanzari sau ɗaya, ta yi kaf ta zauna. Na sa direban ya yi a gabana har sau goma.

Akwai wata ƙara mai kama da wannan da ba ta da bugu: inji ya yi ihu, gudu ya hau, jirgi kuwa ba ya gaba. Farko a ɗaga ƙafa a duba leda ko kainuwa a farfela. In babu, a duba tsayin inji. Farantin saman farfela ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi ko ya sauka ƙasa da shi kaɗan, kamar santimita 2. In ya fi haka sama, farfela iska take sha, musamman a kwana. Jiragen da ake ƙerawa a gida sau da yawa ba a auna bayansu da tsawon ƙafar injin da za a ɗora ba. In tsayi daidai ne, to robar da ke tsakiyar farfela ce ta saki. An sa ta ne don in farfela ta daki dutse ita ta zame, giya ta tsira, amma in ta tsufa sai ta riƙa zamewa haka kawai. Gwajinta ba ya cin ko dala: ja layi ɗaya da fenti daga tsakiyar farfela zuwa jikinta na waje, a yi zagaye ɗaya da wuta, a ɗaga a duba. In layin ya rabu biyu, farfela za a canza. Ƙananan injina wasu ba roba gare su ba, 'yar ƙusa ce ke karyewa. A sa irin tata. Kada a sa ƙusar kafinta, domin ita ba za ta karye ba, giya ce za ta karye a madadinta. Farfelar da fiffikenta ya lanƙwashe ko ya gutsure kuma rawa take sa wa jirgi, ka ji hannun tuƙi yana kaɗa maka hannu har kafaɗa, kuma rawar nan a hankali take kashe boris da robar mai.

Yanzu ga wadda na ce ta cuce ni. A shekarata ta uku a Gaya maigida ya aike ni da jirgi cike da buhuna, rana tsaka, da man da na saya a kwalba a bakin hanya. Ina buɗe wuta na fara jin wata 'yar ƙara siririya a kai, ƙyar-ƙyar-ƙyar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. In na rage wuta ta ɗauke, in na ƙara ta dawo. Na ce ai ƙarama ce, bari in isa. Ban isa ba. Inji ya yi tari ya mutu a tsakiyar kogi, ruwa ya ja mu nesa kafin wasu masunta su jawo mu. Da aka buɗe, fistin na sama ya huje, ramin ya isa ɗan yatsa ya shiga. Maigida bai yi mini faɗa ba. Ya ba ni fistin ɗin ya ce in ajiye, yana nan a akwatina har yau.

Abin da ke faruwa shi ne, maimakon mai ya ci wuta a jere daga bakin buji, sai sauran ya fashe da kansa saboda zafi da matsi, yana dukan kan fistin kamar guduma. Ba ta fitowa a duro, sai da kaya, shi ya sa ake ɗora wa ƙafa laifi. Masu kawo ta su ne mai mara kyau ko wanda ya daɗe, ko wanda aka gauraya da kananzir, da inji mai zafi, da karbureta mai ba da mai kaɗan, da baƙin gawayi da ya taru a kan fistin, da buji da ba nasa ba, da kaya fiye da ƙarfin inji. Waɗannan injina na doki 15 da 40 an yi su ne su kai juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti in an buɗe wuta duka. In farfela ta yi masa girma ko kaya ya yi yawa, yana nishi ya kasa kaiwa, kamar mota mai hawan tudu da babbar giya. A watan Afrilu da Mayu, da zafinmu ke wuce digiri 40, abin ya fi saurin faruwa. Wanda ya ji wannan ƙara ya rage wuta har ta ɗauke, ya nufi gaɓa a haka.

Buji shi ne shaidar abin da ke ciki. Bakinsa in ya yi launin soyayyar gyaɗa, lafiya. In ya yi fari fat, inji na yunwar mai ko yana zafi. In akwai ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar azurfa, naman fistin ne ke narkewa, kada a sake tayarwa. In baƙi ne jiƙe, mai ya yi yawa ko wuta ba ta da ƙarfi. In ɗaya ya fito wanke tas kamar sabo alhali ɗan'uwansa da datti, ruwa ke shiga wannan silinda ta gaskit ɗin kai. A sa lambar da kamfani ya rubuta, ba wadda ta shiga ramin kawai ba. A bujin kamfanin NGK, lamba 10 da ke ƙarshen suna tana nufin tazarar baki milimita 1.

Atishawa ma ƙara ce da ake rainawa. Inji na ƙaramar wuta sai ya yi fit! ta bakin karbureta, ya yi kamar zai mutu. Yunwar mai ce. A inji mai bugu biyu kuwa baƙin mai a cikin fetur yake tafiya, saboda haka silindar da ba ta samun fetur sosai ba ta samun man shafawa sosai, tana cin kanta tana aiki. Fara da abin da ke waje: ɗan notin iska da ke kan murfin tanki a buɗe yake? Ƙwallon robar da ake matsawa ya shanye ya lotse? Tiyo ya tsage yana shan iska? Sannan tsiyayi mai a farar kwalba ka ajiye minti biyar. In da ruwa zai kwanta a ƙasa, ka ga layinsa sarai. Ba na cewa duk man 'yan ruwa-ruwa gurɓatacce ne, amma bidon da ya kwana a buɗe da damina, ko ya sha ƙurar hunturu, ba ka san abin da ke gindinsa ba, injin jirgi kuma ba shi da matatar iska irin ta mota balle ya jure ƙura. A tace mai da kyalle mai tsabta. In duk wannan lafiya, a kwance karbureta a wanke ƙananan ramukanta da fetur da iska, ba da allura ba, domin allura faɗaɗa rami take yi. Injin da za a jingine har wata damina, a cire masa tiyo yana aiki cikin ruwa har ya shanye na cikinsa ya mutu, in ba haka ba fetur ya bushe ya bar danƙo a ramukan nan.

Gaurayen mai a auna shi, kada a yi da ido. Ga irin waɗannan Enduro, kashi 1 na baƙin mai ne cikin 50 na fetur: mililita 20 a lita ɗaya, rabin lita a lita 25. In an sa sabon fistin da ringi, a ninka baƙin man na awa 10 na farko. A nemi mai rubutun TC-W3 a jikin galan, shi aka yi domin inji mai sanyaya da ruwa. Man mota gawayi yake tarawa, ya liƙe ringi. Wasu injinan awonsu daban ne, a karanta abin da ke manne a jikin hula. Mai inji mai bugu huɗu shi ba ya gauraye, amma in ya ji ƙas-ƙas a saman kai ya fara duba sandar awon baƙin mai kafin ya zargi bawul.

Sai wadda ke zuwa bayan an daki wani abu da ƙarfi: inji ya riƙa harbi kamar bindiga, ko igiya ta fizge hannun mai ja. Tsakanin faifan sama da karanshaf akwai 'yar ƙaramar ƙusa mai siffar rabin wata da ke riƙe lokacin wuta. In ta yanke, faifai ya goce, wuta na zuwa ba a kan lokaci ba. A cire faifai da abin jansa na musamman. Masu dukan kan karanshaf da guduma ƙusa suke gyarawa, amma boris suke kashewa.

Na Alhaji, mun kwance ƙafa muka tarar da abin da kunne ya faɗa. Haƙoran ɗan ƙarfen nan na gefen gaba sun lashe, giyar gaba ma bakin ramukanta ya fara, boris ɗaya ya yi tsatsa saboda ruwa. Na ce a canza ƙarfen da giyar tare, domin sabo a kan tsohuwa lasasshiya ba ya daɗewa. Kayan sai da aka aiko daga Kano, muka jira kwana tara. Na sa sababbin robobin tare mai, da sabuwar fankar ruwa tunda ƙafa na ƙasa, da sababbin washa na notinan mai. Man giya lamba 90 ake sawa, kuma ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama, a toshe na sama tukuna, sannan a zare bututu a toshe na ƙasa da sauri. Wanda ya zuba ta sama iska ce za ta cika rabin wurin, ya ɗauka ya cika. Na gaya wa direba ya canza man nan duk awa 100 na aiki ko wata shida, ya kuma cire farfela duk Juma'a ya duba zare, ya shafa wa sandar giris kafin ya mayar.

Muka koma tabki da mutum bakwai a ciki, na zauna a baya kusa da inji, na sa shi ya buɗe wuta duka daga wannan gaɓa zuwa waccan, sau huɗu. Bayan mako ɗaya na sake zuwa da kwano na kwance notin ƙasa kaɗan. Man da ya ɗigo ruwan zuma ne.